Yadda Aka Koya wa Malam Hambali Rabawa

Jiya da la'asar na ga maƙwabcina Malam Hambali yana turo kekensa ta bakin kanal ɗin ruwan noman rani, ga ƙulu a goshi kamar ƙwan zabo. Na ce, "Malam, sa ne ya tunkuye ka?"

Ya ce, "A'a, haɗin kai ne."

To, ga yadda abin ya faru. Hambali na cikin malaman da aka yaye da gaggawa tun da aka ce kowane yaro sai ya shiga firamare. A karatu da rubutu ba shi da na biyu, amma lissafin rabawa ya gagare shi, ga 'yan ajinsa za su zauna jarrabawar shiga sakandare bayan sallah. Abin ya hana shi sukuni. Sai shi da Malam Ibrahimu, gwanin lissafi, suka yi yadda manoman rani suke yi da ruwa: yau a buɗe wa wannan fage, gobe wancan. Ibrahimu ya shiga ajin Hambali ya koyar da lissafi, Hambali na zaune a baya yana kwasa tare da yara, shi kuma ya rama masa da darasin karatu. Ba wanda ya sa su.

Ashe labari ya kai birni. Mai Girma Mai Duba Masu Dubawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya taso da motoci niƙi-niƙi, a makon da mu nan kananzir ma sai an sha layi. Ya ce abin ya burge shi, sai dai haɗin kai babu kwamiti fitina ne. Aka sallami yara don baƙi su sami benci. Ya yi dogon jawabi a kan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a ajin da iska ta yaye wa rufi tun bara.

Sannan ya ce manya sai sun ga shaida. Aka jera malamai huɗun makarantar gaban mai hoto.

"Ku haɗa kai."

Hedimasta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai a haɗe muke."

"Ban gani ba. Tsakaninku akuya ma sai ta wuce."

Suka sunkuya suka gwara goshi. Mai Girma ya ce bai ji ƙara ba, a sake.

Da aka gama, ya ce irin wannan alheri bai kamata ƙauye ɗaya ya danne shi ba. Ibrahimu ya tafi Madobi, Malam Lukmanu Dawakin Kudu, hedimasta Bunkure, kowa ya je ya yaɗa haɗin kai. Hambali ya zauna nan a matsayin shugaban kwamiti.

Hambali ya ce, "Ranka ya daɗe, da wa zan haɗa?"

"Kwamiti zai duba."

Wallahi ya ba ni tausayi. Garin neman gira an rasa ido. Na ce, "Yanzu yaran fa, Malam?"

Ya shafa goshi, idonsa ya ciko. "Gobe ni zan tsaya gabansu. Misali ɗaya dai na riƙe: malami huɗu a raba wa gari huɗu, kowane gari ɗaya, babu saura."

Don haka masu cewa manya ba sa aiki su kama bakinsu. Abin da Ibrahimu ya yi wata da watanni yana fama, Mai Girma ya koyar da shi kafin shinkafar baƙi ta huce.