Ranar da Alhaji Mati Ya Sauka a Gonar Gyaɗa

Duk wanda ya san Alhaji Mati Gingimari ya san abin da yake tinƙaho da shi: shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano, Legas da Agadas, bai taɓa tsayawa ya tambayi ɗan Adam hanya ba. Da ya ajiye tuƙi, maimakon ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar sa'o'insa, sai bawan Allah ya je ya shiga ƙungiyar masu tashi da jirgin shawagi. Shi wannan jirgi ba shi da inji. Wani jirgin ne ke jan sa da igiya zuwa sama ya sake shi, daga nan kuma sai dabararka da iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa. In ka ɓata hanya babu totur da za ka taka ka gyara, sai dai ka nemi wurin sauka.

To, ranar jarrabawar ƙarshe ta zo. Ana so ya tashi shi kaɗai, ya kai wani gari mai nisan kilomita hamsin, ya zagayo ya dawo fili. In ya dawo ya sami takardarsa, in bai dawo ba sai baɗi. Malamarsu, Kyaftin Sa'adatu, ta ajiye masa na'urorin nuna hanya guda biyu a kan tebur ta ce ya zaɓa. Ɗaya 'yar ƙarama ce kamar sabulun wanki, baƙi da fari kawai take nunawa, a cinya ake ɗaure ta. Ɗayar kuwa ta kai farantin shayi, sai sheƙi take yi, koguna shuɗi, dazuka kore, hanyoyi ja.

Ta ce, "Alhaji, da za ka ji shawarata ka ɗauki ƙaramar. Ba ta da kyan gani, amma ko rana ta take tsaka za ka karanta ta."

Alhaji Mati ya ɗaga ƙaramar da yatsu biyu, ya yatsine fuska. Ya ce, "Haba Kyaftin! Wannan ai ko jikata na ba wa sai ta yi kuka. Ni fa don dokarku kawai zan ɗauka, hanya a kaina take."

Ta ce, "To ko ka fita da babbar waje ka duba ta a rana tukuna."

Ya ce, "Sai ka ce mai sayen atamfa?" Ya rungumi abarsa ya yi gaba.

Aka ja shi sama aka sake shi. Da farko komai lafiya lau, har yana 'yar waƙarsa ta direbobi. Amma murfin jirgin nan gilashi ne tun daga goshi har ƙeya, ga rana ta miƙe. Da ya duba na'ura don ya ga inda ya kai, babu kogi babu hanya, ta zama madubi, sai wani dattijo mai furfura ya gani yana zare masa ido. Ya karkata ta dama, dattijon ya bi shi. Ya karkata ta hagu, yana nan. Ya cire hula ya kare ta, jirgi ya yi wani tangaɗi da ya sa shi salati ba shiri.

Ya leƙa ƙasa don ya gwada hanyar da ke kansa. Ina! Daga sama duk ƙauyukan uwa ɗaya ta haife su. Babu allon gefen titi, babu gidan mai, babu mai shayin da ya saba ganewa ya san ya kusa Tegina. Yana ji yana gani takarda na kuɓuce masa. Yana ta dambe da na'ura har iska ta gudu ta bar shi, dole ya lallaɓa ya sauka a wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire, ƙura ta turnuƙe.

Wani tsoho mai gonar ya jefar da fartanya ya rugo. Da ya ga mutum ya fito da ƙafafunsa, ya yi masa barka, ya ja shi gindin tsamiya ya miƙa masa gorar ruwa. Yanzu dole Alhaji ya buga waya ya gaya wa Kyaftin inda za a zo a kwashe shi, ga shi bai san inda yake ba, tambaya kuma ta fi faɗuwa jarrabawar yi masa ciwo. Yana cikin wannan zullumi ya kalli na'urar da ya fito da ita daga jirgi, sai ga ta tar, koguna shuɗi, hanyoyi ja, har da sunan ƙauyen. Murna ta kama shi kamar shi ya ci jarrabawar.

Ya gyara zama ya ce, "Baba, ka ga aikin ilimi? Ba sai na tambaye ka ba. Nan inda muke zaune, Gidan Barmo ne."

Tsoho ya ce, "Haka nake ji ana faɗa, Alhaji. Ni ne Barmon."

Alhaji Mati ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ai na'urar lafiyarta ƙalau. Rana ce kawai ba ta so. Da zarar ta sami inuwa babu inda ba ta sani ba."

Baba Barmo ya ɗaga kai ya dubi rassan da ke bisansu, ya dubi jirgin. Ya ce, "To ai da sauƙi, Alhaji. In za ka koma sama ka ɗauki tsamiyar, na ba ka aro."