Rasuwar Bakwaini, Wasan Da Ba a Gama Ƙerawa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta sa ran samun sauƙi nan kusa, Surajo mai gyaran injin ban-ruwa na Talata Mafara yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun, da duk inda wannan saƙo ya isa, rasuwar wasan waya da aka sani a nan da suna Bakwaini. Ya rasu ranar Talata, ana tsakiyar cin kasuwa, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, bayan doguwar jinya. Shekararsa biyu da wata biyar a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba, sunansa na yanka wasu kalmomi uku ne na Turanci masu karya harshe. Abokin Surajo, Gajere manomin shinkafa na Bakura, shi ne ya raɗa masa Bakwaini, domin masu shi sun fito da shi tun ba su gama ƙera shi ba. Cewa suka yi jama'a su shigo su yi ta wasa, kowa ya faɗi ra'ayinsa, su kuma su riƙa gyara suna ƙari har ya cika. Wasa ne na mutum huɗu, kowa da wayarsa, kowa a garinsu, a haɗu ta intanet cikin wata duniyar ƙage mai duwatsu da kogo da dodanni, ana jin muryar juna, a yi tafiya tare, a yi yaƙi tare.

Zaharaddini ne ya kawo shi cikin dangi. Malamin firamare ne a Dosara, aminin Surajo tun suna aji ɗaya, kuma mijin ƙanwarsa Raliya, wadda take aikin jinya a Maradun. A da, kowace Talata su ukun nan, Surajo da Zaharaddini da Gajere, sukan haɗu a rumfar Surajo su ci tsire su yi gardama har kasuwa ta watse. Da hanya ta ɓaci, zuwan ya koma sau ɗaya a wata, daga nan ya koma sai dole. Ana cikin haka Zaharaddini ya turo musu wasan, ya ce ga wata kasuwar da ba sai an hau babur ba. Da aka rasa na huɗu, ya lallashi matarsa ta shigo.

Suka raba aiki kamar yadda halinsu yake. Surajo ya ɗauki garkuwa, shi ke shan duka a gaba. Gajere ya ɗauki baka, yana harbi daga nesa yana ba da umarnin da ba mai bi. Raliya ta ɗauki jakar magani, tana ƙorafin cewa ko a cikin waya ma ba ta tsira daga jinya ba. Zaharaddini ya zaɓi wani dattijo mai shuɗiyar alkyabba da ke jifa da wuta, wanda ya ƙone abokansa fiye da yadda ya ƙone dodanni.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da talaka. Yakan yi aiki da sabis mai sanda ɗaya, abin da manyan wasanni ba sa yi, ko da yake sai Gajere ya hau kan gaɓar magudanar ruwa ya ɗaga waya kamar mai kiran shanu. Ya kasance mai sallama: duk wanda ya buɗe shi, zai tarbe shi da "tin-tirin-tiiin", ko da kuwa jiya an rufe shi da zagi. Takobinsa yana cewa "ƙwas", wutar sansaninsa tana cewa "tas, tas-tas", akwai kuma wata tsohuwa mai sayar da kibau da ba ta san wata magana ba sai "hmm-hmm". Ya kasance mai sada zumunci. A shekarun nan shi ne hanya ɗaya tilo da mutum zai bi daga Bakura zuwa Maradun bayan la'asar ba tare da mahaifiyarsa ta tsaya bakin ƙofa tana addu'a ba. Kuma a ƙasarsa, idan dodo ya kayar da mutum, abokinsa ya durƙusa a kansa daƙiƙa biyar, sai ya miƙe ya karkaɗe riga.

An ce ba a faɗin aibin mamaci, amma wannan mamacin masu shi da kansu suka roƙi a faɗa, jama'a kuwa ba su yi rowa ba. A shafin da ake ba shi taurari, Gajere ya ba shi guda ɗaya tak. Ya rubuta da Hausa, ko a jikinsa ko za su gane, cewa dokinsa da baya yake tafiya, cewa sau tara ƙasa tana tsagewa ta haɗiye shi yana cikin tafiya lafiya lau, cewa ya harbi wani dodo da kibiya ɗari huɗu kafin a gaya masa ba a gama haɗa mutuwar dodon ba tukuna. Ya rufe da cewa ko injin da Surajo ya gyara ya fi wannan abu amana. Bayan ya tura, ya koma ya yi wasa na awa uku. Raliya ta ba shi uku, ta ce ya fi wasu marasa lafiya jin magana. Taiba matar Surajo ba ta taɓa shiga ba, amma tana da ra'ayi: wasan yana zuƙe caji kamar rani yana zuƙe rijiya, sai dai kuma ba ta jin dariyar mijinta daga zaure sai in ana yinsa. Daga ƙasashen waje ma an yi ta rubutu, Surajo yana sa waya ta fassara masa. Wani ya ce an sayar masa da harsashin gida aka ce masa bene ne. Wata ta ce a yi haƙuri, yaro ne, zai girma. Wani kuma bai ce komai ba sai tambaya ɗaya da yake maimaitawa duk wata: yaushe za a gama gadar?

Domin duniyar marigayin a bakin wani kogi ta tsaya. Akwai gada da ta kai rabin ruwa ta yanke, da allo mai cewa sauran na nan tafe. Daga can ƙetare ana hango birni mai fararen hasumiyoyi, wanda ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa taka shi. A gindin gadar nan su huɗun suka kafa sansani. Zaharaddini, wanda shi kaɗai ya ba wasan taurari biyar, yakan ce ranar da aka buɗe ta shi zai fara hayewa, in ya so su biyo shi su kashe gobarar.

Cikin lahanin marigayin akwai wanda ya fi kowanne shan zagi. Idan sabis ya yanke wa mutum yana zaune bakin wutar sansani, jikinsa ba ya ɓacewa. Yana nan zaune, yana numfashi, yana ɗan juya kai, har sai mai shi ya dawo ya tashe shi. 'Yan wasa sun ce yana tare wuri, yana rikitar da mutane, ana gaishe da wanda ba ya nan.

Wata Laraba a ƙarshen damina, sun zauna bakin wuta suna shawarar kogon da za a shiga, sabis ɗin Zaharaddini ya ɗauke. Gajere ya yi masa tsiya, aka watse. Washegari da hantsi ya hau babur daga Dosara zai je Maradun wurin iyalinsa. An tsinci babur ɗin a gefen hanya. Ba a tsinci mai shi ba. Ba wanda ya kira, ba wanda ya turo saƙo, waɗanda suka dawo daga daji a watannin da suka biyo baya kuma ba wanda ya ce ya gan shi, a raye ko akasin haka. Yau kwana ɗari biyu da goma sha bakwai.

Sai bayan mako uku Surajo ya iya buɗe wasan, shi ma da niyyar gogewa. "Tin-tirin-tiiin." Ga dattijo mai shuɗiyar alkyabba zaune a gindin gada, yana kallon wuta, yana numfashi. Surajo ya kife wayar a kan injin da yake kwancewa, ya daɗe bai ɗaga ta ba. Ya yi kwana biyu yana shawarar ko ya gaya wa Raliya, da ya kira ta kuwa sai ta ce masa ta sani, tun kwana na huɗu take zuwa. Kullum idan ta samu sarari a wurin aiki takan shiga, ta tsaya kusa da shi, ta danna masa magani. Koren haske ya tashi a jikinsa da ƙarar "shiiing", rubutu ya fito cewa lafiyar wannan mutum cikakkiya ce. Sai ta rufe ta koma ɗakin marasa lafiya.

Da masu wasan suka sanar cewa sabuntawa mai zuwa za ta kawar da wannan lahani, Surajo, wanda Turancinsa bai wuce na sunayen kayan inji ba, ya zauna ya harhaɗa musu wasiƙa a shafin wasan yana roƙon su bar shi yadda yake. A ƙarƙashin roƙon nasa mutum sittin da wani abu suka yi masa dariya. Masu wasan ba su amsa ba, ba su kuma gyara ba. Surajo ya ɗauka alheri suka yi masa, sai daga baya ya gane ciwon ajali ne ya fara: ba wannan kaɗai ba, komai ma sun daina gyarawa.

Jinyar ta yi tsawo. Sabuntawar wata-wata ta tsaya. Aka ji maƙeran sun ragu daga goma sha ɗaya zuwa uku. Taurari suka zube daga huɗu zuwa biyu. Kasuwar cikin wasan, inda da sai an yi turereniya, ta koma ba kowa sai tsohuwa mai kibau tana "hmm-hmm" ita kaɗai. Alamar nan mai kama da ƙafar keke da ke juyawa a fuskar waya kafin a shiga ta riƙa daɗewa, wani lokaci har Gajere ya gama ban-ruwan fadama guda tana juyi. A ƙarshe wasiƙa ta fito, gajera, mai ladabi: sun gode, sun yi iya ƙoƙarinsu, za a kashe na'urorin da ke ɗauke da wasan ranar Talata.

Ranar, Surajo bai buɗe rumfa ba. Gajere ya hau gaɓarsa, Raliya ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata rabin awa. A duk faɗin duniya mutum arba'in da ɗaya ne a ciki. Su ukun suka zauna bakin wuta, na huɗunsu a tsakiya, ba wanda ya yi zancen kogo. Saura minti biyu Raliya ta danna magani. "Shiiing." Da sha ɗaya ta cika, wutar ta ce "tas", ba ta ƙarasa ba, hoton ya daskare, ƙafar ta fito tana juyawa. Ba a jima ba wayar Surajo ta yi ƙara, Raliya ce.

"Yaya, sabis ne, ko shi ke nan?"

"Shi ke nan, Raliya."

Ta ce to, ana kiranta, an kawo mai naƙuda.

Marigayin ya rasu ya bar Surajo da Gajere da Raliya. Ya bar doki ɗaya mai tafiya da baya, da itace ɗari uku da goma sha biyu da Surajo ya sara don gina gidan da ba a taɓa ba da damar ginawa ba, da birni guda da ba a shiga ba. Ya bar tauraron Gajere, wanda ya ruga da yammacin ranar zai mayar da shi biyar ya tarar an rufe shafin, don haka maganar doki da injin Surajo ita ce kalmarsa ta ƙarshe a kan mamacin, kuma ya ce ba zai yafe wa kansa ba. Akwai masu cewa wasu za su sayi wasan su tashe shi. Iyalan marigayin sun gode da wannan fata, amma sun riga sun ƙoshi da jira.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi masa salla ba, domin an tambayi Malam Nasidi limamin unguwa, ya ce abin da ba shi da rai ba a sallatarsa, ya kuma dubi Surajo ya ce ya san ba wannan ce tambayar da ta kawo shi ba. Za a binne shi a kabari uku: Surajo a rumfarsa ta Mafara, Gajere a Bakura, Raliya a Maradun in ta iya. Kowa zai ɗora yatsa a kan hoton wasan har waya ta tambaye shi ko ya tabbata, sannan ya amsa.

Ana karɓar gaisuwa ta waya kawai. Don girman Allah kada kowa ya hau hanya saboda wannan ta'aziyya. Ana kuma roƙon masu gaisuwa kada su zo da sunan wani sabon wasa, komai kyansa.

Wannan mamacin dai an san ranarsa, an san sa'arsa, shi ya sa aka samu abin rubutawa. Duk wanda yake da labarin Malam Zaharaddini na Dosara, ya nemi Surajo mai injin ban-ruwa, layin masu walda, Talata Mafara. Iyalin Malam Zaharaddini sun ce a faɗa, kada a ji nauyi. Kowane iri ne, za su karɓa.