Ƙwaryar Doyar da Na Ci Kaina Tara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni na karanta rubutun hannuna a gaban masu cin sakwara a unguwar Guéma ta Parakou ba, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma.

Sana'ata doya ce. Ina saye wurin manoman Kolokondé, in yi hayar mota daga Djougou, in kai Parakou. Haka mahaifina ya yi da goro, kuma bai taɓa riƙe biro ba. A gidanmu ciniki ana gama shi ne da musafaha da fatiha, a ce Allah ya sa albarka, kowa ya kama hanyarsa. Sai da na haura shekara arba'in da biyar na shiga ajin manya na bayan la'asar, inda wani malami da muke kira Mushe Idirisu, wato Malam Idirisu da Faransanci, ya zaunar da mu a kan bencin yara, gwiwoyinmu na taɓa tebur. Shekara biyu na yi kafin in iya rubuta wasiƙa ba tare da na yage takarda ba. (Ni mai haƙuri ne, amma Mushe ya fi ni.)

Wata rana ya yi mana darasi a kan kontara, wato yarjejeniyar ciniki. Ya ce takarda ba ita ke haifar da ita ba. Idan wani ya yi tayi, ɗaya ya amince da son ransa, kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai karɓa, kuma abin bai saɓa doka ba, to an ƙulla, ko da baki ne kawai. Amfanin takarda shi ne tana tunawa ranar da mutane suka manta. Ya ce ana iya rubuta tarar da wanda ya saɓa zai biya, a kuma ambaci wanda zai raba gardama kafin a kai ga alƙali. A ƙarshe ya ƙara da cewa kontara tana ɗaure duk wanda ya sa mata hannu. Wannan na ƙarshen na ji shi da kunne ɗaya, domin a lokacin zuciyata tana kan wani mutum da ya taɓa mayar mini da doya mota guda bayan na biya haya, ya ce shi bai tuna mun yi magana ba.

Na koma gida na ce daga yau babu mai sake yi mini haka. Sai dai wanda na fara gwadawa a kansa ba wancan mutumin ba ne. Hajiya Salamatu ce, mai gidan sakwara a Guéma, wadda ta fi shekara goma tana sayen doyata ba ta taɓa saɓa mini ba. Ta girme ni, Yaya nake ce mata.

Na kwana uku ina rubuta takardar. Na rubuta cewa zan kai mata doya ƙwarya biyar kowace Litinin ta farkon wata kafin azahar (ƙwarya ɗaya doya ɗari ke nan), ita kuma ta karɓa ta biya a ranar. Wanda ya saɓa rana zai ba ɗan'uwansa ƙwarya ɗaya ko ƙimarta. Idan hanya ta yanke ko wani abu da ya fi ƙarfin mutum ya faru, babu tara. Idan an yi gardama, Alhaji Mamman, shugaban 'yan doya na tasha, shi zai raba. Da na karanta mata, sai ta tambaya ko ta taɓa cin mini ko ɓawon doya. Na ce a'a, Yaya, zamani ne ya zo da haka. Ta yi dariya, ta ce to ɗan lakkol, wato ɗan boko, kawo. Ta dangwala yatsa, ni kuma na ja sa hannuna mai wutsiya wanda na yi wata guda ina koyo a bayan kwalin sukari. Alhaji Mamman ya shaida. Kowa ya riƙe kwafinsa.

Wata biyu komai lafiya. A na uku aka gayyace ni ɗaurin auren ɗan wani aminina a garin Partago, ranar Lahadi, jajiberin Litinin ɗin kai doya. Na ce in je in dawo da yamma. Amma an yanka sa, abokan ƙuruciya sun hallara, uban ango ya rantse ba zan tafi ba sai an yi walima. Tsohon hali ya motsa, wanda a wurinsa Litinin da Laraba duk mako ɗaya ne. Ban ko kira Hajiya ba. Wayar na aljihuna, na ga kiranta sau uku, na ce in na je zan yi bayani.

Ranar Laraba na sauke doya a ƙofar gidan abincinta, daidai lokacin da teburan suka cika. Ta amsa gaisuwata cikin sanyi, ta aika aka kira Alhaji Mamman, ta shiga ciki ta fito da takardar a cikin leda. Ashe ranar Litinin ɗin ta karɓi aikin ciyar da wani taro, ta jira ni har azahar, daga baya ta shiga kasuwa ta sayi doya da tsada don kada ta ji kunya. Ta ce ko a biya ta abin da takarda ta ce, ko ta nemi wani mai kawo doya. Ita ce babbar mai sayena. In ta bar ni, kuma aka ji dalili a tasha, ban san wa zai ƙara yarda da ranata ba.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Na tuna layin nan na abin da ya fi ƙarfin mutum, na ce ruwa ne ya ɓata hanyar Kolokondé, mota ta kasa fita.

Hajiya ta ajiye takardar a kan tebur. Ta ciro wayarta, ta latsa, ta miƙa wa Alhaji. Ƙanwarta tana aure a Partago, kuma ta turo mata bidiyon biki. Ga ni nan a tsakiyar fili ranar Litinin, hula a karkace, ƙashin sa a hannun dama, ina taka rawa kamar wanda ba shi da doya a duniya. Rana kuwa tas, ko gajimare babu.

"Wannan ruwan da ya tsare ka, ƙanena," in ji ta, "da miya aka yi shi ko da romo?"

Masu cin abinci suka tuntsire da dariya. Wani ma sai da ya ƙware. Alhaji Mamman ya danne dariyarsa da ƙyar, ya ce shi idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma tunda marubucin yana nan, ya karanta da kansa. Haka na tsaya na karanta, kalma bayan kalma, har na iso "wanda ya saɓa rana". Ban taɓa karatu mai kyau kamar na ranar ba. Ko harafi ɗaya ban yi tuntuɓe ba, kuma babu inda zan ce ban gane ba.

Na ce na yi laifi biyu, na saɓa rana kuma na yi ƙarya, Yaya ki yafe mini. Ta ce ƙaryar ta yafe, domin tsakaninmu ce. Tarar kuwa ba za ta yafe ba, domin in ta yafe, takardar ta zama ta naɗe ƙosai. Aka ƙirga doya ɗari aka ware gefe, ba ta biya ko sisi a kansu ba. Sannan ta ce a ƙara layi ɗaya, cewa duk wanda ya ga zai makara ya kira ɗan'uwansa tun kwana ɗaya kafin ranar. Ni na rubuta shi, muka sake sa hannu. Bayan haka ta sa aka daka mini sakwara daga cikin doyar tarar, da miyar gyaɗa da nama biyu, ta ce in ci, ai tawa ce dā.

Da na ba Mushe Idirisu labari, sai da ya zauna don dariya. Ya ce takardar tawa ta yi aikinta daidai, ta kare wanda aka cuta, kuma an gama a gaban shaida ba tare da an taka ƙofar kotu ba. Na gode masa, domin ba don shi ba da ban iya rubuta abin da ya kama ni ba. Na gode wa Hajiya da ta ɗauki doya ɗari ta bar mini cinikina da mutuncina.

Har yanzu ni nake kai mata doya, kuma har yanzu in na iso sai ta tambaye ni yaya ruwan Partago. Ni kuwa duk wanda ya kawo mini goron gayyata, sai in ce ya dakata, in shiga ɗaki in duba takarda tukuna.