Fistin Lamba Ɗari na Oga Alhassan

Duk wanda ya yi aiki a sakatariyar Minna wajen 1986 amma bai san Oga Alhassan Na-Sama ba, to a ƙofar baya ya yi gadi. Babban Jami'in Sito ne, mataki na takwas, mutumin da ko tsintsiya ba ta fita sai da sa hannunsa. Biro huɗu ne a aljihunsa, ɗaya ke rubutu. Yana da jan babur da yake kira "motata". In ya hau, da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan ya ware shi don amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

Sai babur ya fara hayaƙi. Ba ɗan hayaƙi ba, a'a, irin wanda masu tuyar ƙosai a unguwar Tunga ke rufe kasko in sun hango shi. Oga ya ce ƙarfi ne ya yi wa injin yawa, amma dai ya kai shi wurin Jiya, wani dattijon bakanike mutumin Bida.

Jiya ya kwance injin, ya zura ma'auni cikin silinda, ya juya sau uku.

"Ranka ya daɗe, ramin ya ɗan buɗe, fistin na wasa a ciki. Za a rarake shi kaɗan, mu sa fistin mai ɗan ƙarin girma. Lamba ashirin da biyar ta isa."

"Akwai na sama da shi?"

"Akwai hamsin, saba'in da biyar, sai ɗari. Amma bi da bi ake hawa. Duk sanda ya sake cinyewa, sai a ƙara."

Oga ya cire tabarau a hankali. "Jiya, dube ni da kyau. Na yi maka kama da masinja? Shekara goma sha tara ina bauta wa gwamnati, ka ce in fara daga ƙasa? Sa mini ɗari!"

"Ranka ya daɗe, ba muƙami nake aunawa ba, rami nake aunawa. In aka kai ɗari, bangon ya yi siriri, kuma babu wani a gabansa."

"Ni ma babu wani a gabana a sito."

Jiya ya goge hannu da tsumma, ya kai silinda Sabon Gari aka rarake ta har iyaka. Da ya haɗa injin, ya yi gargaɗi ɗaya: sati biyu a hankali, kada a wuce gudun arba'in, sai ƙarfe ya saba da ƙarfe. Oga ya ce ya ji. A ofis kuwa ya tara ma'aikata ya sanar da su cewa yanzu injinsa da na motar kwamishina bambancin kaɗan ne.

Kwana uku bayan haka aka ce sabon darakta na tafe, kowa ya fita tarba a gadar Chanchaga. Oga ya lissafa: wanda ya fara gaisuwa, shi za a fara tunawa ranar ƙarin girma. Ya sa babbar riga, ya murɗe totur har ƙarshe. Ya wuce akawu, ya wuce mai buga tafireta, ya wuce bas ɗin ma'aikata yana ɗaga musu hannu. Saura ƙiris ya kai gada, injin ya yi wata ƙara, ƙafar baya ta ja ƙasa, komai ya yi tsit. Fistin ya kumbura da zafi, ya maƙale.

Duk waɗanda ya wuce suka wuce shi, kowa na rama ɗaga hannu. Lokacin da ayarin darakta ya juyo cikin gari, Oga na gefen titi yana turin babur, babbar riga naɗe a kafaɗa, takalmi ɗaya a hannu. Darakta ya sauke gilashi ya ce masa sannu.

Jiya ya leƙa silindar da ta karce, ya ce sai sabuwa, kuma kuɗinta ya ci albashin wata biyu. Oga ya koma zuwa aiki a ƙafa, yana cewa shawarar likita ce.

Amma a yi masa adalci, lissafinsa bai ɓace ba. Darakta ya riƙe fuskarsa fiye da ta kowa. Duk sanda suka haɗu a baranda, gaban ƙananan ma'aikata, sai ya washe baki ya ce, "A'a, Maituri! Ya babur?"