Rasuwar Wayar Darakta, Saura Hoto Hamsin da Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai ɗaci a ƙarƙashinsa da ba ya so a kira sunansa, malamin lissafi, wanda matarsa ke kira Darakta, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana jingine da littattafai huɗu a kan teburin ɗakin karatu, idonta ɗaya tilo yana kan aiki.

Marigayiyar ta yi shekara shida a hannunsa. Ba ta da wani kyau na a zo a gani, fuskarta ma a tsage take, amma wajen haƙuri ba a magana. Da ita Darakta ya ƙudiri aniyar shirya fim na minti biyu da 'yan mutanen roba na bulon wasan yara, waɗannan masu hannu kamar ƙugiya. Aikin kuwa sai mai jimiri. Ya matsar da ƙafar ɗan roba kamar kaurin farce, ta ce ƙyas. Ya sake matsarwa, ta ce ƙyas. Sai an tara hoto goma sha biyu a sami daƙiƙa guda. Labarin na wani mai aski ne da ya cire wa ɗan sanda gashi gaba ɗaya kamar murfin kwalba, aka bi shi da gudu. Darakta yakan zauna shi kaɗai yana ta dariya tun kowa bai ga komai ba.

Dokar wannan aiki ita ce kada waya ta gusa daga inda aka kafa ta, in ta gusa komai ya lalace. Saboda haka ya ɗaure ta da roba, ya jona mata caji, wata uku cur ba a zare mata wuta ba. In an kira shi, durƙusawa yake yi ya amsa a inda take. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Ciwon ajalinta kumburin ciki ne. Matarsa ce ta fara ganin bayanta ya ɗago, ta ce a kai ta wurin mai gyara tun da sauran numfashi. Ya ce a bari ya ƙarasa. Dalilin saurin nasa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙaninsa, Auta, wanda ya koyi aikin nan ta leƙe a bayan kafaɗarsa, ya sayo sabuwar waya mai ido uku. Cikin yini guda ya haɗa wani ɗan guntun abu na daƙiƙa arba'in, ɗan roba ya faɗo daga kujera, shi ke nan labarin. Dubban mutane suka kalla. Mahaifiyarsu tana kallo tana share hawaye don dariya, sannan ta juyo ta tambayi Darakta shi nasa mutanen yaushe za su fara motsi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Darakta ya san hassada ga mai rabo taki ce, sanin hakan ma ƙara masa zafi yake yi.

Ranar Laraba marigayiyar ta yi ɗumi, ta ce tiit sau biyu, fuskarta ta yi duhu. Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce cikin ya ƙone ƙurmus. Ta tafi da hoto dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da ɗaya, ba kwafi ko'ina. Hamsin da tara suka rage a gama, abin da bai kai daƙiƙa biyar ba.

Ta rasu ta bar caja guda, da fitilar tebur wadda suka yi zaman amana tare, da mai aski riƙe da gashin mutane, da ɗan sanda wanda har yanzu ƙafarsa ɗaya ke sama, ba wanda ya iya gaya masa an tashi. Auta ya zo gaisuwa. Ya ce, Yaya ya yi haƙuri, zai ara masa tasa wayar, ai da ita sati ɗaya ya isa. Kafin ya fita ya tambaya ko ɗan sandan yana da aiki a makon nan. Darakta ya yi godiya, haƙoransa a cije.

Za a yi mata sutura da tsohuwar safa, a kwantar da ita a aljihun tebur na ƙasa, kusa da cajojin da suka riga ta. Ana roƙon masu zuwa kada su taɓa tebur, kuma duk waya mai ido fiye da ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa. Lokaci shi ne ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Darakta ya rantse bai san a daidai wannan lokaci Auta zai nuna sabon fim ɗinsa a falon mahaifiyarsu ba. Ita ta aiko cewa za ta leƙo in an gama. Darakta ya jera kujeru takwas. Zuwa yanzu matarsa kaɗai ta amsa za ta zo, ita ma ta tambaya ko za a daɗe.