Bencin Siliman da Ya Ciji Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da Vandi ya jingine kekensa a jikin ajinmu, ya leƙo ta taga ya ce, "Ticha, an sayar da silima." Vandi shi ne mai haska fim a gidan siliman da ke wajen tasha a Mubi, lokacin muna Jihar Gongola. Ya ce wani mai fataucin wake ne ya saya, zai buga rufi ya mayar da wurin sito. Bencunan silimar kuwa leburori sun fara faskarewa don wuta. A lokacin ba a fi 'yan watanni da rasuwar matata Masi ba. Na ce wa yara su kwafe abin da ke kan allo, na fita.

Wanda bai ga silimar nan ba zai ce me ke cikinta. Katanga ce kawai ba rufi, da farin bango a gaba, da bencunan katako a jere. Mutane sun daɗe da guduwa zuwa gidajen bidiyo, ɗakin langa-langa da talabijin a kan tebur, kowa na shaƙar zufar ɗan'uwansa. (Ban taɓa shiga ko ɗaya ba, kuma ba zan shiga ba.) Amma a silimar akwai benci ɗaya a jikin katangar hagu, mai ƙusa a gefe. Ƙusar ce ta yaga zanen Masi ranar da na fara kai ta. A kansa muka zauna ranar ƙarshe ma, tana fama da ciwo amma ta nace sai mun je. Fim ɗin Indiya ne. Yarinyar fim ɗin tana tsaye a tashar jirgin ƙasa tana jiran wani, sai ruwa ya kece mana, aka kashe inji, kowa ya watse. Masi ta ce mu dawo mu ga ko mutumin ya zo. Washegari aka mayar da fim ɗin Yola. A makon ne aka kwantar da ita a asibiti.

Na iske leburori da gatari. Na bi bencunan ɗaya bayan ɗaya ina shafa gefe har na ji ƙusar.

"Malam, katako ne fa kawai," in ji babbansu. "Ko an ɓoye gwal a ciki?"

Na ce ina so. Wani mai amalanke ya matso, na ce a'a, ni zan ɗauka. Haka na ratsa gari da tsakar rana, ranar kasuwa, da rigar koyarwa da alli a aljihu da benci a ka. Iyayen ɗalibaina suna gaishe ni suna kau da ido. Wata mai ƙosai ta ce wa maƙwabciyarta, da murya ba ƙasa-ƙasa ba, "Wayyo, tun da matan ya mutu kansa bai dawo ba." Na ji wuyana yana ƙaiƙayi a hanya, na ce zufa ce.

Na ajiye shi a falo, na shimfiɗa masa farin mayafi, na hana kowa zama. Ko 'yarmu Kuve, mai shekarun shiga firamare, ban bari ta hau ba.

To, ga abin da ke gabana a makon. Iyayen Masi sun aiko daga Michika cewa suna zuwa ranar Asabar. Sun ce namiji shi kaɗai ba zai iya riƙon yarinya ba, za su zo su ga gidan da idonsu, in bai yi musu ba su tafi da Kuve. Ita kaɗai ta rage mini. Na share gida har bayan randa, na ari labule, na roƙi maƙwabciyata ta yi mana tuwo da miyar kuka, ta kuma yi wa Kuve kitso.

Suka iso. Baba Tumba tsohon soja ne, ba ya fara'a sai da dalili. Ya duba tsakar gida, ya leƙa kicin, ya ɗaga murfin randa, bai sami abin kushewa ba. Na ga alamar ina cin jarrabawa. Sai na yi tunanin girmama su da abu mafi daraja a gidan. (Allah Ya raba mu da irin wannan tunani.) Na ce, "Baba, Mama, ku zauna nan."

Na manta abin da duk ɗan Mubi ya sani: ba a zuwa silima a dawo ba a sosa ba. Kuɗin cizon da ke cikin bencin nan sun saba cin mutum uku ko huɗu kowane dare, ga shi tun da aka rufe silima suke azumi.

Baba ya fara addu'ar buɗe taro. Yana "Ya Ubangiji" sai ya gyara zama. Ya ci gaba, ya sake gyarawa. Mama ta sa hannu ƙarƙashin zane a hankali. Kafin a kai ga amin Baba ya zabura ya miƙe, ya fizge mayafin. Ga su nan layi-layi suna komawa cikin tsagar katako, jajaye, sun ƙoshi.

"Kai!" ya ce. "A nan jikana yake kwana? Daga wane juji ka kwaso wannan?"

Na so ƙasa ta buɗe. Kuve na bakin ƙofa tana kallona.

"Daga silima, Baba."

"Silima! Ticha guda, ɗan mawaƙan coci! Fitar da shi ka ƙone yanzu a gabana. In ba haka ba, yarinya ya ɗauko kayansa mu tafi."

Ban taɓa musu da shi ba tun da na auri 'yarsa. Amma na ji bakina ya ce, "Baba, zan zuba masa ruwan zafi, zan shanya shi, zan sa magani. Ƙonewa dai ba zan ƙone ba. Kuve ma ba inda za ta. A kansa nake zama da uwarta. Ga ƙusar da ta yaga mata zane."

Sai da na faɗa na tuna cewa a wancan lokacin ba mu yi aure ba. Masi tana zaune gidan ƙanwar babanta a Mubi, kuma kowa ya san gwajin waƙar coci take zuwa da yamma.

Mama ta sunkuya ta taɓa ƙusar. "Zane mai ruwan ganye?"

"Shi, Mama."

"Ni na ɗinke shi. Ta ce min ƙaya ce a hanyar coci." Ta kalli mijinta. "Ka ji 'yarka mai tsoron Allah?"

Ta fara dariya tana sosa cinya, dariyar ta yi tsawo, har ta juye ta zama wani abu. Ta koma ta zauna a kan bencin, da kuɗin cizon da komai. Baba ya fita tsakar gida ya daɗe yana kallon randa. Da ya dawo ya ce, "Ɗora ruwa a wuta. Kai ba ka iya ba, ni zan zuba." Shi ya ƙona su da hannunsa, tsaga bayan tsaga, kamar yana yaƙi. Da za su tafi ya ce Kuve ta zauna, amma duk hutu a Michika za ta yi, kuma ya haramta mata silima. Ban gaya masa cewa babu sauran silimar da zai haramta ba.

Labarin ya riga su isa Michika. Har yau akwai masu kirana Ticha Mai Benci, ina kuma amsawa. Abin da na koya bai da yawa: in za ka kawo abin tunawa gida, fara tafasa ruwa, kuma kada ka zaunar da suruki a kai.

Wurin silimar yanzu buhunan wake ne har sama, farin bangon ya yi baƙi. Bencin yana falona, ƙusar na nan, ban cire ba. Vandi ya taɓa cewa ya ga kaset ɗin fim ɗin nan a wani gidan bidiyo, in zo mu je. Na ce masa ba a kan talabijin muka fara shi ba. Kuve takan tambaye ni ko mutumin ya zo tashar. Ban sani ba. Ba mu ga ƙarshensa ba.