Rasuwar Bisidin Ɗakin Hajiya Batulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau ya ƙi sauka, ni Barkisu ta gidan Alhaji Musah, Ayigya Zango, nake sanar da rasuwar bisidinmu, akwatin kallon faifai, ranar Talata bayan la'asar, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha ɗaukewar wuta, ya sha faifan da aka taɓa da hannun miya, ya sha mari a ka bai taɓa ramawa ba. Iyakarsa ya ce "ƙirrr, cak", ya ci gaba da aikinsa.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga bikin Ruwaida a Tamale. Kakarta Hajiya Batulu, mahaifiyarmu, shekara biyu ba ta tashi daga gado, ba ta roƙi komai ba sai ta ga jikarta cikin lalle. Dangi suka zauna zaɓen irin faifan da za a zuba guntayen bidiyon a raba wa gidaje. Na ce bisidi, tunda shi ke kowane ɗaki daga nan har Dichemso. Ƙanena Mukhtari, wanda ya yi wata takwas a Italiya ya dawo da rigar fata yana zufa cikinta a zafin ranar Kumasi, ya ce bisidi na ƙauyawa ne. Ya bugo fayafayan dibidi na zamani guda talatin. Gida biyu kaɗai suka iya buɗewa, ba namu a ciki.

Marigayin ya karɓi baƙon faifan da ladabi, ya juya shi, ya mayar. Sai masanin Italiya ya ce ai datti ne, ya shafe masa ido da turaren Makka mai maiƙo. Ya yi "tsiii" sau ɗaya, ya cika yana ƙamshi.

Ya bar rimot cikin ledarsa, da igiyoyi uku, da marayun fayafayai arba'in. Ya bar Hajiya tana kallon talabijin shuɗi fayau, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Iddrisu mai gyara zai yi masa wanka a Bantama ranar Alhamis, a miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida. Mukhtari ba zai zauna kan tabarmar makoki ba: yana bakin gadon Hajiya, zai ba ta labarin bikin da bakinsa, tun daga lalle har kai amarya, duk sa'ad da ta tambaya. Jiya sau shida ta tambaya.